Tsakin Mota

Garaje ne ya ci mutumin nan, ba sammu ba, ba bakin mutane ba.

Motarsa mai turbo, na'urar da ke cusa wa inji iska, takan yi tsaki duk sanda iska ta cika mata ciki. Ranar da zai yi tsere da abokinsa daga Birnin Kebbi zuwa Argungu, sai ya ɗauko wayar ƙarfe ya nufi bawul ɗin da ke tsakin.

Bakanikensa ya riƙe masa hannu. "Alhaji, bar mata tsakinta. Rarar iska taka fiddawa don kada inji ya fashe."

"Ni za ta riƙa yi wa tsaki? Ƙarfina take zubarwa bisa titi!"

Ya ɗaure bawul tamau, ya taka totur. Allurar ma'aunin iska ta haura ja, ko kallonta bai yi ba, ya wuce abokin fuu. Yana hango fadamar Argungu inji ya yi tsawa, hayaƙi ya turnuƙe.

Abokin ne ya jawo shi gida da igiya. Fistin biyu na cikin inji sun narke, turbo ya tarwatse, tsere ya tafi. Tsakin da Alhaji ya hana motar kuwa, shi ya yi ta yinsa har Gwadangaji, dab da Birnin Kebbi.