Yatsu Biyu a Wuyan Hannuna

Da ya kama wuyan hannuna, na ɗauka kewata ya yi.

Da hantsi ya dawo daga asibiti. Tun da ya shiga neman ƙwarewa a aikin tiyata haka muke samunsa: ya shigo da warin magani, ya zube kan gado da takalmi, ni kuwa in kwanta a gefensa don dai in san ina da miji. Ko a barci aiki yake yi. Ya taɓa ɗinke matashin kai ba allura ba zare, ni da 'yarmu muna ta dariya.

Yau yatsu biyu ya ɗora min, yana neman bugun jini. Ya daɗe. Ya ɗaga fatar idona ya leƙa.

"Haba Likita, ni ce fa," na ce.

Bai ji ba. Ya dubi agogon bango, ya faɗi lokaci a hankali, sannan ya ja zanin gado ya rufe ni har fuska.

Na yi lamo, ina jira ya farka mu yi dariya. Sai na ji ya buɗe ƙofa ya sami yarinyar a falo. Muryarsa da taushi, irin wadda bai taɓa kawo mana gida ba.

"Ke ce 'yarta? Zauna. Mun yi iya ƙoƙarinmu."

A ƙarƙashin zanin na ɗora yatsuna inda ya ɗora nasa. Har yanzu ina nema.