Likita Ya Yi Tambaya, Yaya Ta Yanke Hukunci

Wata takwas ke nan idanun Auta sun yi rawaya, jikinsa na ƙaiƙayi, gajiya ta hana shi sakat. Direban motar makaranta ne, yana kwasar yara da safe ya mai da su gida da rana. Yayarsa, wadda ta riƙe shi tun rasuwar mahaifiyarsu, ita ke rufe shagon ɗinkinta ta raka shi asibiti.

An gwada jininsa ko ƙwayar cutar hanta ce, ba a gani ba. An ɗauki hoton cikinsa, shiru. Asibiti uku suka je, kuma kowane likita sai ya ɗago kai ya yi tambaya iri ɗaya: "Kana shan giya?"

"Ban taɓa ba," in ji Auta.

Likita na uku ya ajiye biro ya ce, "Gaskiya ban san abin da ke damun hantarka ba tukuna. Akwai gwajin da ba ma yi a nan. Kai wannan takarda babban asibiti, kada ka yi jinkiri."

Suna fita ƙofa Yaya ta tsaya, ta kama ƙugu.

"Auta, dube ni. Likita uku, tambaya ɗaya. Duk mahaukata ne?"

"Yaya, wallahi ban taɓa sha ba."

"Rufe mini baki! Ni na yi maka wanka, ni za ka yi wa wayo? Wannan da ya ce bai sani ba, nauyin faɗa maka yake ji. Ba gwaji kake buƙata ba, tuba kake buƙata."

Auta ya ninke takardar, ya cusa a aljihun rigar sanyinsa.

Yaya ba ta yi shela ba. Mace ɗaya tak ta faɗa wa, tana auna mata kafaɗa, tef a wuyanta. "Ki taya ni da addu'a, amma ki riƙe a cikinki." Ta manta cewa 'yar matar nan a motar Auta take zuwa makaranta. Kafin mako ya zagayo, shugaban makaranta ya karɓi makullin mota. Wa zai ba mashayi amanar 'ya'yansa?

Daga nan Auta ya daina fita. Idan matarsa ta ce su koma asibiti, sai ya ce, "In je a sake yi mini tambayar nan a gaban mutane? Bar ni."

Bayan wata shida cikinsa ya kumbura, ƙafafunsa suka yi suntum. Wata safiya ya yi aman jini a bakin ƙofa. Maƙwabta suka ɗauke shi zuwa babban asibiti, Yaya ta biyo baya da zare manne a zaninta.

Wata ma'aikaciyar jinya ta miƙa mata rigar sanyinsa ta riƙe. Hannunta ya taɓa takardar nan a aljihu. Ta yi laushi, bakinta ya cinye, ninkin yana nan yadda ya yi shi a gabanta.

An yi kusan mako biyu ana bincike. Aka sake ɗibar jini, aka sa allura aka ciro ɗan tsokar hanta aka duba. Sannan wata likita mai furfura ta kira Yaya ofis.

"Garkuwar jikinsa ce, wadda ya kamata ta kare shi, ta juya tana yaƙar hantarsa. Cutar ba ta da yawa, kuma tana kama da wasu cututtuka. Sai mun kawar da su ɗaya bayan ɗaya muke gano ta."

Yaya ta ce, "Likita, ba giya ba ce?"

"Babu ruwan giya a ciki."

"To ai kowa sai ya tambaye shi..."

"Baiwar Allah, ko ke kika zo da ciwon hanta sai na tambaye ki. Aikinmu ne." Likitar ta dubi kwanan watan da ke kan takardar, ta yi ajiyar zuciya. "Da ya zo a lokacin, da magani ya yi masa aiki sosai. Yanzu hantar ta yi tabo. Za mu kare abin da ya rage, amma wanda ya lalace ba ya dawowa."

Yaya ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Da ƙafarta ta je makaranta, ta tsaya gaban shugaban makarantar, kanta a ƙasa, ta ce ita ce ta yi wa ƙaninta ƙazafi. Ya saurare ta, ya ce, "Allah ya ba shi lafiya. Amma mun riga mun ɗauki wani."

Ta dawo ta durƙusa gefen gadon Auta, ta kasa haɗa ido da shi.

"Tashi, Yaya, ana kallonmu," ya ce a hankali. "Na yafe. Likita ya ce bai sani ba, bai ji kunya ba. Ke me ya sa ba ki ce haka ba?"

Har yau duk wadda ta zo awon kaya sai Yaya ta faɗa mata gaskiya, amma gaskiyar ba ta gudu kamar yadda maganar farko ta yi.

Jama'a, idan likita ya ce bai gano ciwo ba tukuna, kada mu cike gurbin da zargi. Mu raka majinyaci gwaji na gaba, mu kama bakinmu.