Jan Fenti a Mashigin Kogi

An yi wani mai haɗa fenti da ya rantse tun da aka kafa kasuwa ba a taɓa zaluntar ɗan Adam kamarsa ba. Zaluncin kuwa, wai wani ne ya ce fentin maƙwabcinsa ya fi nasa sheƙi. Kwana uku tuwo bai yi masa daɗi ba, shi da yake ganin ko bakan gizo a wurinsa ya koyi launi. To, sana'ar tana da ƙa'ida. Garin launi ba ya son zaman ruwa, ƙwayoyinsa kullum neman juna suke su dunƙule su kwanta a gindin duro. Shi ya sa ake jiƙa ƙaro a zuba ludayi guda, ya lulluɓe kowace ƙwaya ita kaɗai, ta kasa manne wa 'yar'uwarta. Gogan naka ya ce in ludayi guda kyau yake sawa, ai huɗu sai sarauta. Haka ya antaya wa duron jan fentinsa. Ƙaron da ya yi yawa kuwa igiya yake komawa. Ya ɗaure ƙwayoyin tamau, jan ya nutse, saman duro ya zama kamar ruwan wankin nama. Ya gani sarai. Da ya hango mutanen wani ƙauye sun zo sayen ja, sai ya yi maza ya kaɗa duron da sanda, ya cika musu galan yana yabon hannunsa.

Su kuma duwatsun mashigin kogi suka shafa wa, waɗanda ke kewaye da wani gurbi mai zurfi, don mai ƙetarewa ya ga ja ya kauce. Ruwan sama biyu ya wanke su tas, dutse ya koma kamar kowane dutse. Ran wata kasuwa ƙanen mai fentin, wanda bai saba da hanyar ba, ya biyo da amalanken gidansu. Ya duba bai ga ja ba, ya kora shanu, suka afka gurbin. Sai washegari aka tsamo gawarsa a cikin ciyayi, shanun ko mushensu ba a gani ba. Wurin zaman makoki mai fenti ya zagi damina, ya zagi kogi, ya ce gobe sai ya maka wanda ya sayar masa da ƙaro gaban alƙali. Mai ƙaro na zaune a gefen tabarma, ya ce a hankali, "Malam, ludayi nawa ka zuba?" Gogan ya sunkuyar da kai ya ce, "Huɗu. Kuma na gani kafin in sayar."

Ka ji abin da ya sa Hausawa ke cewa, tsuntsun da ya ja ruwa, shi ruwa kan doka.