Damtse da Gwiwa

Tun ɗazu na ga kana shafa damtsenka kana murmushi. To gyara zama, ɗan'uwa, ka ba ni aron hankalinka.

An yi wani mahauci a wani gari na bakin gulbi, ɗan dambe, jikan ɗan dambe. Gidansu suna da wata al'ada mai nauyi: duk wanda gwiwarsa ta taɓa ƙasa a filin garinsu, ya kwance zare ke nan, ba zai ƙara ɗaure hannu ba har ya koma ga Mahaliccinsa. A wani gari in an kayar da kai, ka tashi ka kakkaɓe jiki, gobe ma rana ce. Amma ban da gida. Kakansa ya tsufa da zarensa, ubansa ma haka. Da uban ya rasu, sai baffansa, tsohon da shi ma ya ci zamaninsa a fage, ya miƙa masa zaren, ya ce in kaka ta yi mahaucin ne zai shiga fili da sunan gidan. Mutumin nan kuwa duk duniya ba abin da yake so kamar dambe. In ya ji kalangu, tsikar jikinsa tashi take yi.

Baffa ya yanka masa aiki biyu. Da hantsi ya daki buhun yashi da hannun da ake ɗaurewa. Da sassafe kuma ya saɓa sanda da garwa biyu cike da ruwa, ya hauro da su daga gulbi ta cikin rairayi, sawu goma, duk isowa ya tsuguna ya miƙe da su a kafaɗa har cinyoyinsa su kama rawa. "Hannu ke kisa," in ji tsohon, "amma ƙafa ke riƙe da mai hannun." Kwana uku mahauci ya yi yana wannan wahala. Rana ta huɗu mata masu wanki a bakin gulbi suka ɗaga murya, "Ga-ruwa, a kawo mana sawu ɗaya!" suka kwashe da dariya. Maganar nan ta ƙona masa rai. Shi, jikan wane, a kira shi ɗan ga-ruwa? Daga ranar ya jingine garwa. Sai ya fita da sassafe kamar zai gangara gulbi, ya zagaya bayan mahauta, ya yi ta dukan buhu, yana ɗaga cinyar bijimi da hannu ɗaya. In zai koma gida, ya yayyafa wa wandonsa ruwa don baffa ya gani. Baffa kuwa ba jiya aka haife shi ba. Ya dubi damtsen, ya dubi ƙwaurin, ya ce, "Ɗana, rairayin gulbi ya manta sawunka." Shi kuma ya ce, "Haba baffa, ai ba da ƙafa zan kashe mutum ba." Tsohon ya ɗauki sandarsa ya wuce.

Damtse kam ya yi damtse, tubarkalla, har hannun riga ya daina shiga. Kaka ta yi, aka kai amfani gida, aka share fili aka zuba masa rairayi, gari ya taru. Abokin karawarsa wani masunci ne daga ƙetaren gulbi, siriri, ba ƙirji ba damtse, wanda ya girma yana jan taru cikin taɓo. Mahauci ya kalle shi sama da ƙasa, ya yi tsaki. A turmin farko masuncin nan bai tsaya wuri ɗaya ba, yana zagaye yana zillewa, mahauci na binsa yana dukan iska. Turmi na biyu ma haka, ga rairayi yana cin ƙafa. Da aka shiga na uku, na ƙarshe, sai ya ji cinyoyinsa sun kama rawa, rawar nan da ya guje wa a bakin gulbi. Ashe tana nan tana jiransa. Tsoro ya shige shi. Ya tattara ƙarfinsa kaf, ya kai wani naushi wanda da ya sami mutum sai dai a ɗauke shi ranga-ranga. Masunci ya goce. Nauyin hannun ya fizgi mai shi gaba, ƙafa ta nemi ta tare, ina! Gwiwa ta taɓa ƙasa. Taɓawa kawai ta yi, ko yatsa ba a sa masa ba.

Kalangu ya ɗauke. Baffa ya tako da sandarsa har tsakiyar fili, ya kama hannun, ya shiga warware zaren a hankali, hawaye na bin gemunsa. Mahauci ya ce, "Baffa, ai bai doke ni ba." Tsohon ya ce, "Na sani, ɗana. Da ya doke ka, da ya fi mini sauƙi." Ya naɗe zaren ya sa a aljihu.

Mutumin nan ya rayu shekara da shekaru yana sarar ƙashi da wannan damtse, ba wanda ya kai shi a mahauta. Amma duk kaka, in aka fara kiɗa a fili, sai ya shige ɗaki ya ja ƙofa. Wallahi har yau in na tuna shi tausayi yake ba ni, don ba rago ba ne, ya yi gumi fiye da kowa. Inda ake gani ya gina, ya bar abin da ke ɗauke da shi. Saboda haka kafin ka ƙara shafa damtsen nan, sunkuya ka dubi ƙafarka. Magabata ba su yi ƙarya ba da suka ce, ɗan hakin da ka raina, shi ke tsone maka ido.