Garin Rage Ƙiba

"Sakar min gwangwanina, 'yar baƙin ciki!" in ji tela, tana fizgar hannun ƙanwarta a tsakiyar shago.

"Yaya, ki dubi wuyanki a madubi. Duk kin zama ƙashi da rai."

Tela ta ja tsaki. Ita da a da sai ta karkace take shiga ƙofa, yau ga shi da hannunta take rage faɗin rigunanta. Duk albarkacin garin yis ɗin rage ƙiba na cikin gwangwanin, wanda take kaɗawa a shayi safe da yamma. Mai sayarwa ya rantse mata ba ya illa. Ƙishirwa da jirin da ke ɗibarta a kan keken ɗinki kuwa, wai alamar magani na aiki ne.

"Hassada ke cinki, uwar tumbi. Kina kumbura, ina zubewa."

Ƙanwar ta saki gwangwanin, idonta ya kawo ruwa.

"Yaya, tun ranar da kika sayo shi na juye a masai, don tsoron ƙodarki. Biskit nake dakawa ina cika miki."

Tela ta dubi zobenta, wanda ta naɗe da zare don kada ya sulluɓe.

"To in biskit nake sha, me ke cinye ni?"

"Abin da nake so mu je asibiti mu ji ke nan."

Tela ta rungume gwangwanin a ƙirji.

"Ƙarya kike. Magani ne."

Ta fice, ta buga ƙofa garam!