Tikiti Ɗaya Zuwa Jidda

Sakina ta bi bayan mijinta a kan tsanin jirgin ruwa tana jiran a ce mata tsaya. Jami'in da ke bakin ƙofa ya karɓi tikitin Attahiru, ya buga hatimi, ya kira na gaba. Ta wuce. Ko kai bai ɗaga ba.

Tikitin ɗaya ne, ta sani. Shekara talatin da ɗaya ke nan da suka baro ƙasar Sakkwato da niyyar Makka. Guzuri ya ƙare musu a Jazira ta ƙasar Sudan, suka ce bari su yi aikin auduga na shekara guda a wani ƙauye kusa da Kamlin. Shekara guda ta haifi 'ya'ya, ta haifi jikoki. Da suka tattara abin da suka ajiye, bai wuce kuɗin mutum ɗaya ba. Ba ta tuna sun zauna shawara ba. Ta dai san zazzaɓi ya kwantar da ita bayan cirar auduga, ta tashi sakayau, ta ga mai gida yana ɗaure kaya, ta biyo shi. Har tashar jiragen ruwa ta Bur Sudan bai ce ta koma ba.

Jirgin bai yi kama da na alhazai ba. An ce da can Turawa yake yawatawa da su a teku don hutu, bana aka yi hayarsa saboda yawan maniyyata. Hawa takwas ne, fari fat. Akwai wani ɗan ɗaki mai ƙofar ƙarfe, ka shiga a ƙasa ka fito a sama. Akwai zauren cin abinci mai fitilu kamar nonnan inabi, da shagon aski, da ɗakin majigi wanda aka kwashe kujerunsa aka mayar masallaci. Can sama kuma ga wani rami mai shuɗin daɓe inda Turawan ke iyo. An zubar da ruwan, wasu tsofaffi sun shimfiɗa tabarmi a ciki suna jan carbi.

Ɗakinsu yana hawa na uku. Gado biyu ne, wani bisa wani, da taga zagaye kamar faifai. Gadon na biyu kuwa da mai shi: Garba, wani dillalin shanu daga Dindir, mutum mai baki.

"Ya Hajj, wanga gado ai ya fi na amarya," in ji Garba. "Ni zan hau sama. In na faɗo kanka ka yafe, duk tafiyar ibada ce."

Sakina ta raɓe a lungu bayan ƙofa. Attahiru ya buɗe jaka, ya fito da farin mayafinta a ninke, ya ɗora kan matashi. Ya murɗa famfo, ya sa yatsa, ya janye da sauri.

"Kin gani?" ya ce a hankali. "Ruwan zafi daga cikin bango. Da muna da irinsa a gida da hayaƙi bai cinye miki ido ba."

Dariyar Garba ta tsaya. Ya dubi Attahiru, ya dubi mayafin, ya ɗauki butarsa ya fita. Sakina ta bi shi da kallo. Ya gane ke nan. Mai baki irin wannan ba zai kai azahar da magana a ciki ba.

Da rana aka ba kowa faranti ɗaya. Attahiru ya ci shinkafar, ya ture naman gefe kamar yadda ya saba bar mata. Ba ta jin yunwa. Teku ya fara rawa, mata suka yi ta amai a kan hanya, ita ko jiri ba ta ji ba. Abin da ya dame ta shi ne sanarwar da aka yi ta lasifika: a Jidda za a duba takardun kowa, wanda ba shi da su a cikin wannan jirgi zai koma. Shekara talatin da ɗaya, a ce ta hango gaɓar ta juya!

Bayan la'asar aka ce jirgi ya kusa daidai da miƙati, inda alhazai ke ɗaura niyya. Maza suka yi wanka, suka hau sama cikin harami. Malam Abdulmuttalib, mai jagorar mutanensu, yana bi ɗaya bayan ɗaya yana koya musu abin da za su faɗa. Da ya zo kan Attahiru sai ga Garba ya matso ya raɗa wa Malam magana a kunne. Sakina ta laɓe bayan wani ƙaramin kwalekwale da aka rataye. Shi ke nan, an tona.

Malam ya juyo ga mijinta.

"Attahiru, gaskiya ne abin da na ji?"

"Gaskiya ne, Malam."

"Ka yi tunani. Kai ma ba ka taɓa zuwa ba, kuma shekaru sun ja. Wagga dama ba ta dawowa. Malamai sun fi son mutum ya fara da kansa."

"Amma ya halatta?"

"Ya halatta."

"To ita ta cire audugar, Malam. Ni ban ruwa kawai na yi. Kullum ta sunkuya a gona gabas take fuskanta."

Jirgi ya busa ƙaho, dogo, har ƙarfen da ke ƙarƙashinsu ya yi rawa. Ko'ina sai Labbaika. Malam ya share ido da gefen haraminsa, ya kama hannun Attahiru.

"Bi ni da baki. Ka ce ka yi niyyar hajji a madadin marigayiya, sai ka faɗi sunanta."

Attahiru ya juya gabas.

"A madadin marigayiya matata, Sakina 'yar Almu."