Akwatin Milutin

Naushin farko a kunne ya sami maigadin. Kafin ya gane abin da ake ciki Radivoje ya ƙara masa na biyu a baki, ya fizge makullin motar ɗaga kaya daga ƙugunsa, ya bar shi durƙushe a ƙofar sito yana tofar da jini. Tsakar rana ce, zafin birnin Niš na gasa mutum, direbobi na gefe suna cin burek. Babu wanda ya matso.

Radivoje fa ba mafaɗaci ba ne. Shi ke kula da na'urorin wata gidauniya mai riƙe da rumbun bayanan masu ba da ɓargo, miliyoyin mutane, na gida da na waje. Tsohuwar na'urar ta gaji tiɓis. A ce ta nemo wa marar lafiya ɗaya wanda ɓargonsu ya dace, sai ta kwana tana nishi, wani lokaci ta mutu a tsakiya a koma farko. Layin masu jira kuwa sai ƙara tsawo yake. A cikin layin nan akwai 'yarsa Tijana, wadda likita ya ce ba lallai ta ga sanyin bana ba.

Shi ya sa da aka zauna zaɓen sabuwa ya tsaya kai da fata. Yana son mai ƙwaƙwalwar da za ta haɗiye rumbun gaba ɗaya, ta daina komawa faifai tana lalube, mai hanyar wuta biyu, in ɗaya ta ɗauke ɗaya ta riƙe. Irinta ba a shiga kanti a ɗauko, oda ake yi a jira wata da watanni. Ana cikin haka shugaban gidauniyar, Borislav, ya ce a duba abin da surukinsa Milutin ke da shi a ajiye. Kowa ya san kayan Milutin, ƙanana ne masu araha. Kuma wai Borislav! Mutumin da ya riƙe Tijana a coci ranar baftismarta, wanda tun daga ranar shi da Radivoje suke kiran juna kume.

“Kume, ka bari in kai aya mana,” in ji Borislav.

“Je ka kai wa surukinka! Akwalarsa ko shagon burodi ba za ta riƙe ba.”

Ya wurga masa kofin gahawa, ya fice. Borislav ya yi ta kira, Radivoje ya toshe lambar. Har gida ya zo da kwalbar giyarsu ta rakiya a hannu, Radivoje ya hana matarsa buɗe ƙofa.

Ƙa'idar wurin ya san ta sarai. Da zarar na'ura ta shiga ɗakin sanyin da ake girke na'urori aka sa hannun karɓa, shi ke nan, da ita za a zauna shekaru. In kuwa ta lalace tun a sito, dole a sake zaman zaɓe. A ganinsa gara a jira ta kirki da a ɗora ran yarinya a kan tarkace. Da safen nan ya ji akwati ya iso, an naɗe shi da tef ɗin kamfanin Milutin.

Ya zura ƙahonin motar ƙarƙashin katakon akwatin ya ɗaga. Injin ya yi kuka, tayoyin baya suka so barin ƙasa. Ya ja tsaki. Ɗan iskan nan Milutin, ko katako ba ya iya saye daidai wa daida.

Sai ga Borislav a guje, tumbi na rawa, rigarsa jagab da gumi. Ya sha gaban motar ya buɗe hannuwa.

“Rade! Kume! Don Allah sauke, ai wannan...”

Radivoje ya diro ya sa masa goshi a hanci. Ƙashi ya ce ƙas. Borislav ya riƙe masa wuyan riga yana son magana, jini na cika masa baki, shi kuwa ya rarumo ƙarfen ɓalle ƙusa ya zabga masa a haƙarƙari, ya ƙara a gwiwa. Dattijon ya zube, duk da haka bai saki ƙafar wandonsa ba, sai da ya taka masa yatsu. Wallahi ba daɗin gani.

Ya koma kan motar, ya ɗaga akwatin har ƙarshen sandar, ya tura shi bakin dakalin lodi ya sake. Ƙarar ta tashi tattabarun rufin. Bai tsaya ba. Ya sauko ta gangaren dakalin, ya ja baya, ya taho da gudu ya soka ƙahonin a cikin katakon, ya zare, ya sake sokawa, har ƙarfe ya fito ta bayan. Ya kashe injin, zuciyarsa ta yi sanyi a karon farko tun da aka kwantar da Tijana. Su kira 'yan sanda, ya shirya.

Ya sauko yana haki. Siraran allunan ƙwaƙwalwa sun watsu a siminti kamar an zubar da kwandon kifi, wasu a karye, wasu a lanƙwashe. Ya bi su da ido har bakin magudana. Sun yi yawa.

Borislav ya jawo jiki zuwa bakin dakalin, ya leƙo, ya tofar da jini.

“Wani banki ya yi oda ya fasa, Milutin ya ƙwato mana ita kafin kowa ya ji,” ya ce da ƙyar. “Wadda ka zaɓa ce, kume. Gobe da safe da sunan Tijana za mu fara.”